Tambaya da Amsa: Wane VPN zan sa a kwamfutar shagona wanda ba zai ba ni wahala ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon buga takardu, kwamfutar tebur ce ta hannu nake aiki da ita, mai Windows 10. Wani lokaci da hotspot ɗin wayata nake shiga intanet, wani lokaci kuma da Wi-Fi ɗin da mai ginin ya haɗa mana gaba ɗaya masu shaguna. Takardun mutane suna bi ta hannuna, ga kuma nawa harkokin, ba na son wani ya riƙa leƙen abin da nake yi. Akwai VPN a wayata tun lokacin da aka rufe Twitter. Shin ya wadatar? In bai wadatar ba, wanne zan sa a kwamfutar? Ni ba gwani ba ne. Wani yaro ya ce zai kawo min na kuɗi wanda aka fasa, a filashi. Daga mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bari mu fara sallamar yaron filashi. Ka yi masa godiya, ka ce ka fasa. Manhajar VPN tana zama ne a daidai ƙofar da duk abin da kwamfutarka ke aikawa da karɓa yake wucewa, kuma sai ka ba ta izinin mai gida kafin ta zauna. Wanda ya fasa ta ya raba kyauta, ba ka san shi ba, ba ka san me ya cusa a ciki ba. Bayan haka ma, abin da ake biya wa kuɗi a VPN shi ne damar hawa na'urorin kamfanin, kuma wannan damar a can wurinsu ake bincika ta. Fasa manhajar da ke kan kwamfutarka ba ya buɗe ta. Saboda haka yawancin abin da ake yawo da shi da sunan VPN fasasshe, ko dai asusun sata ne da zai mutu gobe, ko kuma tarko ne.

Na wayarka kuma bai rufe kwamfutar ba. Mutane da yawa suna yin wannan kuskuren. Idan ka kunna VPN a wayar Android sannan ka buɗe hotspot, manhajojin cikin wayar ne kaɗai suke bi ta VPN ɗin. Abin da kwamfutar ke aikawa ta hotspot wucewa yake yi kai tsaye zuwa kamfanin layinka. Dole kwamfutar ta sami nata.

To me VPN yake rufewa? Ka ɗauka saƙo ne kake kai wa tasha kullum. Yau yawancin shafuka suna amfani da HTTPS, wato ambulan ɗin a manne yake, direba ba ya iya karanta wasiƙar. Amma yana ganin sunan da aka rubuta a bayan ambulan, ya san wa kake aika wa, sau nawa, da ƙarfe nawa. Direban nan shi ne kamfanin layinka, ko kuma wanda ke riƙe da na'urar Wi-Fi ɗin gininku. Da VPN, duk ambulan ɗinka kana zuba su ne a akwati mai kwaɗo, ka rubuta sunan dillali guda ɗaya a wani gari, wato kamfanin VPN ɗin. Direba akwati kawai yake gani da nauyinsa. Dillalin ne zai buɗe ya rarraba, waɗanda aka kai wa saƙon kuma adireshin dillali suke gani, ba naka ba.

Wannan ba ƙaramin amfani ba ne a wurinka. Wi-Fi ɗin haɗaka irin naku, duk wanda ya san kalmar sirrin shiga na'urar kuma yake da ɗan sani zai iya ganin sunayen shafukan da kowane shago ke buɗewa. A ɓangaren layin waya kuma, sashe na 38 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ya wajabta wa kamfanonin sadarwa su ajiye bayanan zirga-zirgar masu amfani da su na tsawon shekara biyu, ga shi kuma kowane layi an ɗaure shi da lambar NIN ta mai shi. Babu dokar da ta haramta amfani da VPN shi kansa a Najeriya. Abin da mutum ya aikata ta cikinsa ne ake kama shi da shi.

Amma ka lura da abin da ya faru a misalin nan: abin da direba ya daina gani, yanzu dillali ne yake gani. A nan duk maganar take. Sa VPN aikin minti goma ne, zaɓen dillalin ne yake buƙatar natsuwa, don kada a gudu daga gara a faɗa gidan zago. An sha ganin haka. Facebook ya sayi wani VPN na kyauta mai suna Onavo a 2013, ya riƙa amfani da shi wajen nazarin waɗanne manhajoji mutane ke buɗewa a wayoyinsu, har aka cire shi daga rumbun manhajojin Apple a 2018, aka rufe shi a 2019. A 2015 aka gano cewa Hola, shi ma na kyauta, yana sayar da layin masu amfani da shi ga wasu, wato baƙo zai iya yin harkarsa a intanet da adireshinka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Na kuɗi ma ba su tsira ba: a 2017 bayanan da PureVPN ya bayar sun taimaka wa hukumar FBI ta Amurka ta kama wani mutum, alhali kamfanin yana tallata cewa ba ya ajiye bayanai. Mutumin abin da ake zarginsa da shi mummuna ne, ba tausayinsa nake ji ba. Abin dubawa shi ne talla daban, abin da ke cikin rumbu daban.

A ɗaya gefen kuma akwai Mullvad na ƙasar Suwidin. A watan Afrilun 2023 'yan sanda sun je ofishinsa a birnin Gotenbag da takardar izinin bincike, suka koma ba tare da bayanan kowa ba, domin babu abin da aka ajiye da za a ɗauka. Irin wannan shaidar ta fi min kowace talla.

Ga shawarata. Tunda sauƙi kake nema kuma ba ka ambaci kasafin kuɗi ba, ka fara da tsarin kyauta na Proton VPN. Kamfanin a Suwizalan yake, ya buɗe lambobin manhajojinsa ga kowa ya duba tun 2020, yana kuma kawo masu bincike daga waje su tantance iƙirarinsa na rashin ajiye bayanai. Kyautar tasa ba ta da iyakar data, masu biyan kuɗi ne suke ɗauke da nauyin masu kyauta. Abin da za ka rasa shi ne na'ura ɗaya kawai za ka haɗa a lokaci guda, kuma manhajar ce za ta zaɓa maka ƙasa. Ga mai son sirri kawai, wannan ba asara ba ce. In daga baya ka ga kana son na kuɗi, Mullvad yuro 5 ne a wata, ba ragi ba ƙari ko wata nawa ka biya, ba ya neman suna ko imel, lamba ce mai alƙaluma 16 zai ba ka ita ce asusunka, kuma tana ɗaukar na'urori biyar. Matsalarsa a nan gida ita ce biya, don ba kowane katin naira ne yake wucewa a shafukan waje ba.

Yanzu aikin. Ka buɗe burauza ka rubuta protonvpn.com da hannunka a wurin adireshi. Kada ka nema ta Google ka danna na farko da ya fito, domin na saman sau da yawa talla ne, kuma 'yan damfara suna sayen wannan gurbin su sa shafin bogi mai kama da na gaskiya. Ka zaɓi tsarin da aka rubuta Free, ka buɗe asusu da imel da kalmar sirri wadda ba ka amfani da ita a ko'ina, ka rubuta ta a littafin da ba ya kwana a shago. Sai ka sauke manhajar Windows, ka danna ta sau biyu. Windows zai tambaye ka ko ka yarda ta yi canje-canje a kwamfutar, ka duba ka ga sunan Proton ne a matsayin mai manhajar, sannan ka danna Yes. Idan ta gama, ka shiga da asusunka ka danna Connect. Shi ke nan, ka haɗu.

Yawancin mutane a nan suke tsayawa, kuma a nan ake barin ƙofa a buɗe. Ka shiga Settings ka kunna abubuwa biyu. Na farko shi ne Kill switch. Layinmu ka san halinsa, yana ɗaukewa yana dawowa. Duk lokacin da VPN ya yanke na 'yan daƙiƙoƙi, kwamfutar ba za ta faɗa maka ba, komawa za ta yi tsohuwar hanya ta ci gaba da aikawa a fili. Wannan makunnin shi ne yake datse intanet gaba ɗaya har sai VPN ya dawo. Yana da mataki biyu. Na farko yana aiki ne idan haɗin ya yanke da kansa. Na biyu, mai suna Advanced, ba ya barin kwamfutar ta shiga intanet ko kaɗan sai da VPN, ko da kai ka kashe shi da hannunka. Ka fara da na farkon. Na ga mutumin da ya kunna na biyun ya manta, washegari ya sake sayen data har sau biyu yana zagin kamfanin layi, alhali datarsa tana nan ba a taɓa ba.

Abu na biyu, ka sa manhajar ta riƙa tashi tare da Windows tana haɗa kanta. Kwamfutar tebur ba ta da batirin da zai riƙe ta, ana ɗauke wuta ta mutu, kafin ka tada janareta ga mai jiran takarda a tsaye a kanka, ba za ka tuna da wani VPN ba. Wurin zaɓen hanyar haɗi kuma ka bar shi yadda ka same shi, ko ka zaɓi WireGuard, wanda ya fi sauri da sauƙin nauyi a kan tsohuwar kwamfuta.

Sai gwaji, kada ka yarda da alamar haɗuwa da manhajar ke nuna maka kawai. Kafin ka haɗa, ka buɗe ipleak.net ka ga adireshin IP ɗinka, wato lambar da ake gane layinka da ita a intanet, da sunan kamfanin layinka. Ka haɗa VPN, ka sake loda shafin. Ya kamata ƙasar ta canza, kuma a sashen da aka rubuta DNS kada sunan kamfanin layinka ya sake fitowa. In ya fito, akwai yoyo: har yanzu direba yana karanta bayan ambulan. Ka rufe burauzar, ka cire duk wani ƙaramin VPN da aka liƙa mata, ka sake haɗawa ka gwada. Irin waɗannan na cikin burauza, har da wanda ke zuwa cikin burauzar Opera, burauzar kaɗai suke rufewa, sauran manhajojin kwamfutar suna waje.

Tunda kwamfutarka ta hannu ce, ga wani abu da zai iya ɗaure maka kai. Idan VPN ya ƙi haɗuwa sam, kafin ka zargi kowa ka kalli agogon da ke kusurwar allo. A cikin akwatin kwamfutar tebur akwai ɗan batir mai faɗin kwabo, CR2032 ake rubuta masa, shi ke riƙe lokaci idan babu wuta. In ya mutu, duk ɗauke wuta sai kwamfutar ta tashi da kwanan watan shekarun baya, takardun shaidar tsaro kuma da kwanan wata suke aiki, sai haɗin ya ƙi. Ka gyara lokacin, ka sayi batirin a wurin masu gyaran agogo ko kwamfuta, a canza maka cikin minti biyu.

Ka sa ran ɗan jinkiri, domin saƙonka sai ya je wata ƙasa ya dawo. Wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku daga Legas yawancinsu Turai suka nufa, shi ya sa in an haɗa ka da Holan za ka ji ya fi sauƙi a kan Japan. Data ma zai ci ɗan ƙari kaɗan, ba ya ragewa, duk da samari da yawa sun san kalmar VPN ne ta hanyar neman data kyauta, wanda wannan harka ce daban. Shafukan banki da wasu shafukan rajista na gwamnati kuma sukan yi tirjiya idan suka ga mutumin Funtuwa ya ɓullo daga Turai. In haka ta faru, ka koma hotspot ɗin wayarka, ka kashe VPN, ka gama, ka mayar. Kada ka kashe shi kana kan Wi-Fi ɗin haɗaka.

Ka ambaci rufe Twitter. Daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022 VPN ya yi aiki ne saboda shafi ɗaya aka toshe, hanya tana nan. Da aka katse layukan sadarwa gaba ɗaya a Zamfara a watan Satumban 2021, sannan wasu ƙananan hukumomin Katsina suka biyo baya, babu VPN ɗin da ya amfani kowa, don sai da hanya ake ɗaukar akwati.

Haka kuma idan ka shiga asusunka na Facebook ko Gmail, sun san kai ne, ko daga ina ka ɓullo. VPN ba ya hana ƙwayar cuta shiga ta filashin da kwastoma ya miƙo maka, ba ya hana ka rubuta kalmar sirri a shafin bogi. Kuma a shago irin naka, ni a ganina babban mai leƙe ba a cikin waya yake ba, a kan benci yake zaune yana jiran layi, yana kallon allo cike da takardun haihuwa da sakamakon jarrabawar mutane. Ka sa wa asusunka na Windows kalmar sirri, ka buɗe wani asusun daban marar izinin mai gida don yaran shago, duk lokacin da za ka tashi ka danna maɓallin Windows tare da harafin L allon ya kulle, takardun mutane kuma ka riƙa goge su idan an gama aiki, har daga kwandon shara.

Saura Windows ɗin kansa. Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Ranar da za ka kai kwamfutar a canza mata batirin agogo, ka ce mai gyaran ya duba maka ko za ta ɗauki Windows 11.