Gidajen masu gandu a Jamus: ina magadansu?

Tambaya: Na ga hotunan wasu tafka-tafkan gidaje a ƙauyukan gabashin Jamus, rufi ya zube, ciyawa ta cinye ƙofa, ana sayar da su da arha. Na su wane ne? Ba su da magada ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, magada suna nan, da yawansu ma sun nema, kotu ce ta hana su.

Jamusawa na kiran irin wannan gida Gutshaus, wato gidan mai gandu. A jihar Mekilenbog-Fofoman kaɗai akwai su wajen dubu 2. Masu su da yawa iyalai ne na sarauta da ake kira Yunka, waɗanda suka mallaki gonakin gabas da kogin Elbe tun kaka da kakanni. Talakan da ke noma musu ba ya iya barin ƙauye sai da izinin maigida, kuma ba a soke wannan tsari a Mekilenbog ba sai 1820. Ina so ka riƙe wannan, domin wanda ya ga hoton gidan kawai, masu gidan zai tausaya wa, ya manta da gumin su wa aka gina shi.

A Satumbar 1945, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, yankin yana hannun sojojin Tarayyar Sobiyet. Aka kafa doka: duk mai gonar da ta haura hekta 100 a ƙwace, ba diyya, a raba wa ƙananan manoma. Ba a tsaya tantance wanda ya bi Hitila da wanda ya ƙi shi ba, girman gona ne laifin. Aka kori iyalai daga gundumominsu da abin da hannu zai iya ɗauka. Wannan kam zalunci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Gidajen kuwa aka cika su da 'yan gudun hijira daga gabas. A 1947 aka ba da umarnin rushe wasu don a samu bulo da katako na gina wa sababbin manoma. Waɗanda suka tsira suka koma makarantu, kantuna da ofisoshin gonakin haɗin gwiwa. Gidan Bothmer da ke jihar Mekilenbog-Fofoman, da aka gina tsakanin 1726 da 1732, gidan kula da tsofaffi ya zama har 1994. Gidan da aka haifi Bismak, shugaban gwamnatin Jamus na farko, a ƙauyen Schönhausen kuwa, rushe shi aka yi a 1958, sai ɓangare guda ya rage.

Da Jamus ta Gabas da ta Yamma suka haɗe a 1990, jikoki suka taso da takardun gado. Sai dai yarjejeniyar haɗewar ta ce abin da aka ƙwace tsakanin 1945 da 1949 ba za a mayar ba. Kotun tsarin mulki ta tabbatar da haka a 1991, kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ma ta kori ƙararsu a 2005. Abin da suka samu ɗan kuɗin sassauci ne, da damar sayen gona da rangwame. Wasu da kuɗin aljihunsu suka sayi gidan kakansu. Iyalan Hardenberg na cikin ƙalilan da aka mayar wa nasu a 1996, domin nasu gwamnatin Hitila ce ta fara ƙwacewa tun 1944, kafin lokacin da yarjejeniyar ta shafa.

Batun arha kuma, ga dalili. Da can gona ce ke ciyar da gida. Yanzu an raba su: gonar tana hannun wani, gidan yana tsaye shi kaɗai da ɗakuna birjik. Yawancinsu kuma suna ƙarƙashin dokar kare kayan tarihi, ko taga ba ka canzawa sai da amincewar hukuma, kuɗin gyara kuwa yakan ninka kuɗin saye sau da yawa. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda aka gyara otal ne yanzu, ko wurin biki, ko gidan tarihi kamar Bothmer, wanda gwamnatin jiha ta karɓa a 2008 ta buɗe wa jama'a a 2015.