Motata tana fizga duk lokacin da aka yi ruwan sama

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Peugeot 504 mai kafireta. Duk rani lafiya ƙalau take, amma tun da damina ta kankama, in aka kwana ana ruwa, da safe sai ta ƙi tashi da wuri. In ta tashi kuma injin ya riƙa rawa, tana fizga, ba ƙarfi. Bayan tafiyar kamar minti 20 sai ta daidaita. Bakanike ya ce a wanke kafireta. Me kuke gani? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bari a taɓa kafiretar nan tukuna. Kafireta mai datti ba ta san damina da rani ba, kullum za ta dame ka. Matsalar da ke zuwa da ruwa, ta tafi in inji ya yi zafi, kusan ko da yaushe ta ɓangaren wuta ce.

Kwayil yana ɗaga wutar batir daga bolt 12 zuwa dubbai masu yawa, domin ta tsallaka ɗan tsakanin da ke bakin fulogi. Wuta mai ƙarfin nan hanya mafi sauƙi take nema. In robar wayar fulogi ta tsufa ta tsattsage, laima ta kwanta a kai, sai wutar ta zille ta bi jikin inji, fulogi ya tashi a banza. Silinda ɗaya ta daina aiki, kai kuma ka ji fizga. Da zafi ya busar da laimar, shi ke nan ta koma daidai.

Fara da murfin distiributa, wato abin da ke rarraba wutar kwayil zuwa kowane fulogi. Ɓalle maƙallansa biyu da safe kafin ka tayar da mota, ka leƙa ciki. Sau da yawa za ka tarar da gumin ruwa ya kwanta. Goge shi da busasshen ƙyalle, ka kai shi hasken rana ka duba sosai: in ka ga siririn baƙin layi kamar an ja da fensir tsakanin ƙarafan ciki, nan ne wuta ta saba bi. Wannan murfi ya gama aiki, gogewa ba za ta cece shi ba. Canza shi tare da rota, ɗan abin da ke juyawa a ƙarƙashinsa, tunda ba su da tsada. Amma ka sa wa wayoyi alama kafin ka zare, don in aka sauya musu wuri motar za ta iya ƙin tashi, ko ta tashi tana fizga.

Su kuwa wayoyin fulogi, gwajinsu da daddare ya fi. Buɗe bonet a wuri mai duhu, inji yana silo, ka fesa musu ruwa kaɗan da 'yar kwalbar feshi. In ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle, ko ka ji ƙas-ƙas, ka kama ɓarawon. Hannu dai nesa da wayoyin da fanka. Canza wayoyin gaba ɗaya, ban da naɗa salatif, wannan yaudarar kai ce. Duba bakin kwayil ma ko ya tsage, sannan ka leƙa ramukan fulogi, domin na 504 suna da zurfi, ruwa yakan taru ciki, musamman bayan masu wankin mota sun watsa wa inji ruwa. Man feshi na WD-40 yana korar laima ya kai ka gida, amma ba gyara ba ne.

In duk wannan lafiya ne kuma fizgar ba ta tafiya ko inji ya yi zafi, zargi fetur. Murfin tanki mara roba ko man 'yan bumburutu na iya kawo ruwa. Tsiyayo kaɗan a farar kwalba ka ajiye, ruwa zai kwanta ƙasa. Taɓa filtar iska ita ma ko ta jiƙe.

Abu ɗaya daban ne: in ka kutsa ruwa mai zurfi mota ta mutu a ciki, kada ka murza makulli. Fistin ba ya iya matse ruwa, sandarsa ce za ta lanƙwashe. A ja ta zuwa gareji, a cire fulogi a fitar da ruwan, a duba baƙin mai. In ya koma ruwan madara, a juye shi kafin a tayar.