Kwamfutar Shago Ta Ƙara Nauyi Bayan An Ƙara Mata RAM: A Sayi Wata Ko A Gyara?

Tambayar wannan makon ta fito ne daga wani Alhaji mai shagon buga takardu da cike fom ta intanet a Agege. Kwamfutar tebur ɗinsa ta hannu ce ƙirar HP, dama can ba ta da sauri, tana da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take aiki da ita) sanda ɗaya mai gigabait 4, sai yaron shagonsa ya je kasuwar Computer Village da ke Ikeja ya sayo wata sandar mai gigabait 8 ya ƙara mata domin ta yi sauri. Maimakon haka sai ta ƙara nauyi, tana daskarewa ana tsakiyar aiki, masu jiran takardunsu suna ƙosawa su wuce shagon gaba. Yana tambaya ko ya ciri kuɗi daga jarinsa ya sayi wata kwamfutar ya huta.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Shawarata ita ce kada ka fitar da ko kwabo daga jari sai an gano inda matsalar take, domin kwamfutar da take aiki kafin a buɗe ta, ta kuma canja hali a ranar da aka buɗe ta, ba tsufa ne ya kayar da ita ba. Wani abu ne ya faru a lokacin aikin, kuma ana iya gano shi cikin 'yan sa'o'i ba tare da an kashe kuɗi ba.

Kafin a sake taɓa cikinta, a kwashe takardun abokan ciniki da littafin lissafin shago a zuba a filas ko a wata ma'ajiya ta daban. Ina matsa maka a kan wannan ne saboda RAM mai lahani tana iya gurɓata takardar da ake adanawa, kuma takardun mutane amana ce a hannunka. Ƙarfe ana sayen wani, amma wanda ya bar maka takardar makarantar ɗansa ya dawo ya tarar ta lalace da wuya ya sake shigowa shagonka.

Bayan haka sai a yi gwajin da ya fi kowane sauƙi. A kashe kwamfutar, a zare wayarta daga soket, a danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci domin ragowar wutar da ke ciki ta fita, mai aikin kuma ya dafa ƙarfen akwatin kafin ya kai hannu ciki. A cire sabuwar sandar a bar tsohuwar ita kaɗai a raminta na asali, a yi aiki da ita kamar yadda aka saba. Idan ta koma yadda take a da, to laifin yana ga sabuwar sandar ko ga yadda aka saka ta. Sai a juya gwajin, a cire tsohuwar a saka sabuwar ita kaɗai, a danna ta da yatsu biyu daga gefe da gefe har maƙallan ramin su kama da kansu su yi ƙara. Sau da yawa sandar tana shiga rabi ne kawai, gefe ɗaya ya zauna ɗayan yana sama kaɗan, ido ba ya lura sai an haska tocila. A garin Legas kuma, inda danshin iska yake da yawa, haƙoran zinaren da ke ƙasan sandar da ta daɗe a ajiye sukan yi dushi-dushi, kuma goga su a hankali da robar goge fensir mai tsabta, a kakkaɓe ɓurɓushin, yakan wadatar.

Idan kowace sanda tana aiki lafiya ita kaɗai amma sun ƙi jituwa a tare, sai a karanta takardar da ke manne a jikin kowacce. Jinsunan RAM na DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna saboda tsagar da ke ƙasansu ba a wuri ɗaya take ba, don haka ba nan ake samun kuskure ba. Inda ake samunsa shi ne a cikin jinsi ɗaya: akwai DDR3 mai aiki da bolt 1.5 da DDR3L mai bolt 1.35, akwai mai gudun 1333 da mai gudun 1600. Idan aka haɗa masu gudu daban, kwamfuta tana tafiyar da su duka a kan gudun mai rauni. Gaskiya wannan ragin bai kai ya sa kwamfuta ta riƙa daskarewa ba, shi ya sa ba na son ka yarda da makanikin da zai tsaya a nan ya ce ya gama bincike. Daskarewa ta fi nuna sanda mai lahani ko wadda babban allon cikin kwamfutar, wanda ramukan RAM suke jikinsa, bai karɓe ta sosai ba. Windows tana da nata gwajin kyauta: a rubuta mdsched a wurin nema, kwamfutar za ta sake tashi ta bincika RAM ɗin ta ba da sakamako. Manhajar MemTest86, wadda ake tayarwa daga filas, ta fi shi zurfafa bincike, kuma ana iya barinta tana aiki bayan an tashi daga shago idan akwai tabbacin wuta. Kuskure ko ɗaya ta nuna, sandar ba ta cancanci zama a kwamfutar kasuwanci ba.

Akwai kuma abin da za ka iya dubawa da idonka ba sai da makaniki ba. Ka danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga sashen Performance ka duba Memory. Ya kamata ka ga gigabait 12. Idan 4 ko 8 ka gani, to sanda ɗaya ba ta aiki. Idan kuwa Windows ɗinka mai bit 32 ce, ba za ta iya amfani da abin da ya wuce kusan gigabait 4 ba ko nawa aka zuba mata, sai an sauya ta da mai bit 64, kuma wannan yana yawan faruwa a tsofaffin kwamfutocin ofis da ake shigowa da su.

To idan an mayar da tsohuwar sandar amma nauyin bai tafi ba fa? A nan sai a duba abin da hannun yaron ya taɓa a hanya. Wayar fankar da ke sanyaya farosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, siririya ce kuma tana kusa da ramukan RAM, tana iya zarewa ba a sani ba, farosesa kuwa idan ya yi zafi yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. A kunna kwamfutar murfi a buɗe a ga ko fankar tana juyawa, a hure ƙurar da ta toshe ta, a kuma tabbatar wayar babbar ma'ajiya, wato faifan da ake adana takardu a kansa, tana zaune daram.

Game da nauyinta na asali kuwa, tun da ka ce dama can ba ta da sauri, zargina mafi ƙarfi yana kan babbar ma'ajiyar. RAM kamar teburin shago ce inda ake baza kayan da ake aiki da su a yanzu, babbar ma'ajiya kuwa ita ce sito, kuma faɗaɗa tebur ba ya amfani idan ɗauko kaya daga sito ne yake cin lokaci. A wancan sashen na Task Manager ka duba Disk. Idan yana maƙale a kashi 100 cikin 100 alhali RAM ba ta cika ba, to tsohon faifai mai juyawa ne yake jan ƙafa, kuma sauya shi da SSD, wato ma'ajiya ta zamani marar faifai mai juyawa, zai fi canja maka saurin aiki fiye da kowane ƙarin RAM, a kan kuɗin da bai kusanci na sayen wata kwamfuta ba.

Yanzu batun kuɗi. Idan gwaji ya nuna sandar ce mai lahani, a mayar da ita ga wanda ya sayar tun kwanakin garantin da ya bayar ba su ƙare ba, domin garantin kayan hannu gajere ne. A tafi da rasit, da hoton sakamakon gwajin a waya, in da hali ma a ɗauki akwatin kwamfutar gaba ɗaya, a gwada wadda za a musanya a gabanka kafin a bar wurin. Ka je da kanka ko ka haɗa yaron da babba, ka kuma fara da lalama, domin yawancin masu shago sun fi son musanya da rigima. Idan ya ƙi, akwai ƙungiyar 'yan kasuwar ta CAPDAN, akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Legas, LASCOPA, da ta tarayya, FCCPC. Yaron kuma kada a yi masa faɗan da zai sa gobe ya ɓoye maka kuskure, tun da gyara ya yi niyya. A koya masa ya ɗauki hoton tsohuwar sanda da lambar ƙirar kwamfuta kafin ya tafi kasuwa.

Ka kuma yi lissafin abin da kowace rana take ci maka. A misali, idan shagon yana shigo da naira 20,000 a rana kuma nauyin kwamfutar yana korar rabin masu zuwa, jinkirin mako guda zai iya fin kuɗin gyaran kansa, don haka ka ware safiyar Lahadi a gama gwajin nan gaba ɗaya. Sayen wata kwamfutar zai zama daidai ne idan an tabbatar ramukan allon sun lalace, ko idan kwamfutar ta tsufa har ba za ta ɗauki Windows 11 ba, ganin cewa kamfanin Microsoft ya tsayar da tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kai kuma aikinka na shigar da bayanan mutane ne ta intanet. Ko a lokacin ma na fi son kuɗin ya fito daga abin da kake warewa daga ribar kowane mako domin kayan aiki, a bar kuɗin takarda da tawada da man janareta a wurinsu, wannan tsohuwar kuma a gyara ta a ajiye ta zama ta biyu saboda lokacin fitar sakamakon WAEC da NECO da layi yake tsawo.