Ruwan bohol ɗinmu ya fara wari, mu haƙa wani?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ne sakataren kwamitin unguwarmu, sabuwar unguwa ce a bayan garin Kano. Mun yi karo-karo mun haƙa bohol, to daminar bana da an yi ruwa da kwana ɗaya sai ruwan ya ɗauki wari, yara sai gudawa, har yarona na goye sai da aka kwantar da shi. Wasu sun ce a cike kududdufin bayanmu a yanka filotai a sayar, a haƙa wani mai zurfi da kuɗin. Wallahi hankalina a tashe yake, me ya kamata mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba yaro lafiya. Daga yau kada kowa ya sha ruwan nan sai an tafasa ko an sa masa sinadarin kulorin, kuma kududdufin nan ku ƙyale shi, zan zo kansa.

Warin da ke biyo bayan ruwan sama yana nuna akwai hanya tsakanin saman ƙasa da ruwan da kuke zuƙowa. Ko dai ba a zuba siminti an toshe gefen fayif ɗin daga sama ba, ko kuma masai da sokawe na maƙwabta suna tsiyaya ciki, sau da yawa ma duka biyun ne.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya kullum shi ne maganar nan ta wai ruwan bohol daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa don haka tsaftatacce ne. Na ji ta a bakin 'yan garuwa, na ji ta a bakin masu digiri. Malam, Kano a kan dutse take zaune, ruwanmu yana maƙale ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke ƙasansa, kuma tsagar da ta kawo maka ruwa ita ce za ta kawo maka na shaddar maƙwabcinka, ba ta tace komai. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, to filoti mai ƙafa 50 faɗinsa mita 15 ne da ɗan kai, kowane gida da shaddarsa, ka lissafa da kanka. Na taɓa zuwa wani gida na auna da tef, taku bakwai ne tsakanin bohol da sokawe, maigidan ya ɗebo min a kofin gilashi yana ɗaga shi a rana yana cewa ka ga, garai-garai. Ido ba ya ganin ƙwayar kwalara ko ta taifod. Ga kuma sinadarin naitiret da ke fitowa daga bahaya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita, shi tafasawa ba ta kawar da shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi, kuma jarirai ya fi yi wa illa musamman in da shi ake dama musu madara. Sannan masu haƙan nan na bakin titi, wani ya zo da kwakwa a tafin hannu ko sanda wai yana jin ruwa, a yi rami cikin kwana biyu, ba gwajin ƙasa ba siminti ba awon ruwa, ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. Ƙarin zurfi a hannun irin waɗannan asarar kuɗinku ce kawai.

Kududdufi kuwa shi ne ma'ajiyar ruwan saman unguwarku. Kun cike shi, ruwan ba zai fasa zuwa ba, zai shiga gidaje ya cika masai ya tumbatsa, ya gangara bakin bohol ɗin, sabon da tsohon. Kududdufai nawa aka cike a cikin birni aka yi gini a kai, yanzu kowane Agusta ana kwashe ruwa da bokiti daga ɗakuna?

Shi ya sa mu a wannan aiki ba ma raba ruwan sha da ruwan ƙazanta da ruwan sama, tare ake tsara su, kuma a yi lissafin yawan jama'ar da za a samu nan da shekara 20 zuwa 25. Famfo ya shigo Kano daga Challawa tun farkon shekarun 1930 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, an gama dam ɗin Tiga a 1974, sabuwar matatar Tamburawa an gina ta don lita miliyan 150 a rana. Ruwa akwai, gari ne ya gudu ya bar bututu a baya, kuma mafi yawan birnin ba shi da bututun kwashe ƙazanta, sai kwata ta zuba a rafin Jakara. Tsari ana rubutawa, sai gwamnati ta canza a tura shi kabad, a yanka filaye a ba da takarda kafin a san inda kwalbati za ta bi. Wannan yana min ciwo ƙwarai.

Ku ɗebi ruwan a kwalba mai tsafta, washegarin ruwan sama, ku kai ɗakin gwaji na jami'a ko na hukumar ruwa a cikin awa 6 a cikin ƙanƙara, a duba E. coli, wato ƙwayar cutar da ke nuna bahaya ya shiga ruwa, da naitiret. E. coli sifili ake so a mililita 100. A samu masanin ruwan ƙasa na gaske ya duba bakin bohol ɗin, a yi masa dakalin siminti mai gangare, masai mafi kusa a kwashe a gyara. Sannan ku zana taswirar unguwar ko da a kwali ne, ina ruwa ke bi, ina shaddodi suke, ina za a bar wa bututun famfo hanya, ku kai wa mai unguwa da hukumar tsara birni a rubuce, kududdufin ya shiga takarda a matsayin wurin da ba a gini. In sakamakon gwajin ya fito ka turo min in duba.