Amsoshin Tambayoyinku: Wane Otal Zan Kama a Zanzibar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Za a ɗaura mini aure a watan Yuli, ina so in kai amarya Zanzibar mu yi kwana bakwai. Na ga otal biyu masu taurari biyar, kuɗinsu kusan ɗaya, ɗaya a Kendwa, ɗaya a Jambiani. Ita burinta teku, ni kuwa ina son in ga gonaki da daji. Wanne zan kama? Daga wani ango a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Ango. Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya da zuri'a ta gari.

Taurarin nan biyar ba za su raba maka gardama ba, domin abin da suke nunawa shi ne girman ɗaki da laushin katifa da yawan ma'aikata. Abin da ya bambanta otal ɗin nan biyu shi ne tekun da ke gabansu, kuma hoton talla ba ya nuna shi, saboda duk mai otal yana ɗaukar hotonsa ne lokacin da ruwa ya cika ya tumbatsa.

Ga yadda abin yake. Sau biyu a kowace rana ruwan teku yakan cika, sau biyu kuma yakan janye. A gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, inda Jambiani da Paje da Bwejuu da Matemwe suke, gaɓar shimfiɗaɗɗiya ce, ga duwatsun murjani can nesa sun tare igiyar ruwa. Idan ruwa ya janye a wannan ɓangare, yakan yi nisa ƙwarai, har mutum ya yi tafiya mai tsawo a kan jiƙaƙƙen rairayi ruwa bai wuce idon sawunsa ba. Sai an jira sa'o'i kafin ya dawo. Janyewar ta fi tsanani a farkon watan Musulunci da tsakiyarsa, wato lokacin jinjirin wata da lokacin da ya cika, don haka ka duba ranakun tafiyarku a kalandar Hijira ma. A Kendwa da Nungwi kuwa, can arewacin tsibirin, gaɓar tana da gangara, ruwa ba ya gudu da nisa. Ana shiga da safe, ana shiga da la'asar. Kendwa kuma yamma take kallo, rana na faɗuwa cikin ruwa a gaban idonku.

To, idan abin da amarya take nufi da teku shi ne ta shiga ruwa duk lokacin da ta ga dama, Kendwa ce amsarka. Amma ka sani wurin yana da jama'a. Masu tallar yawon kwalekwale da masu sayar da tsaraba suna zirga-zirga a bakin ruwa, kuma akwai casun da ake yi a yankin duk lokacin da wata ya cika, kiɗa har tsakar dare. Ka tambayi otal ɗin nisansa da wuraren casun, ka nemi ɗakin da ke nesa da mashaya.

Ni dai zuciyata ta fi kwantawa da Jambiani ga sababbin ma'aurata, kuma zan faɗi dalili. Ƙauyen masunta ne mai rai, da masallatansa da makarantun allo da yara masu wasan ƙwallo a kan rairayi. Janyewar ruwan da wasu ke ƙorafi a kai, a nan ne za ku ga matan gari sun shiga gonakinsu na ciyawar teku, suna ɗaura ta a igiya tsakanin turaku, suna girbewa su shanya don sayarwa. Dajin Jozani, inda jan birin da babu irinsa ko'ina sai Zanzibar yake, tafiyar kusan rabin sa'a ce daga nan, alhali daga Kendwa sai kun ɓata rabin yini a mota zuwa da dawowa. Sai dai a watan Yuli iskar kudu da suke kira kusi tana kaɗawa sosai a gabas, shi ya sa masu wasan zamiya da lema a kan ruwa suke cika Paje a lokacin. Wanda ba ya son iska zai ji ta.

Amma me zai sa ka zuba kwana bakwai a wuri guda? Ka raba. Ku fara da kwana biyu a tsohon birni, wanda suke kira Mji Mkongwe, da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Akwai manyan otal a bakin ruwa a unguwar Shangani, irin su Park Hyatt da Serena, kuma filin jirgin sama na Abeid Amani Karume yana kusa, ba sai kun sauka a gajiye sannan ku kama hanyar sa'a ɗaya da rabi zuwa arewa ba. Daga birnin, gonakin kayan ƙamshi na Kizimbani da Kidichi ba su da nisa. A can za ka ga kanumfari da kirfa da masoro da citta a jikin bishiyarsu da cikin ƙasarsu, abubuwan da muka saba gani a busasshe a kasuwar Kurmi. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, wanda ya mai da fadarsa Zanzibar wajen 1840, shi ya bunƙasa noman kanumfari a tsibirin, da gumin bayi aka yi shi, kuma za ku ga wurin tsohuwar kasuwar bayin a cikin birni. Da dare ku leƙa lambun Forodhani ku ci gasasshen kifi da ruwan rake. Sauran kwana biyar sai ku tare a bakin teku, ka bar amarya ta zaɓa bayan ka karanta mata abin da na faɗa game da ruwan.

Idan kuma karkarar ce ta fi cin ranka, tsibirin Pemba ya fi Unguja tuddai da kore, can ne aka fi noman kanumfari, baƙi kuma ba su da yawa. Amma sai an ƙara hawa ƙaramin jirgin sama ko jirgin ruwa, kuma kwana bakwai ya yi kaɗan a haɗa duka.

Tambaya: Ni da maigida da yara uku ne. Wani otal ya ba mu farashi biyu: na ɗaki da karin kumallo kawai, da wanda aka haɗa komai, ci da sha duk yini. Bambancin yana da yawa. Wanne ya fi? Sannan ina son in yi iyo ba tare da idon maza ba. Daga wata Hajiya a Abuja.

Amsa: Hajiya, barka da ƙoƙari. Farashin da aka ce an haɗa komai, kaso mai tsoka na cikinsa kuɗin giya ne. An yi lissafinsa ne a kan baƙon da zai wuni yana sha a bakin wurin ninkaya. Ku da ba ku sha, idan kuka biya, kun saya wa wasu ne. Ki rubuta musu ki ce iyalinki ba sa shan giya, ki tambaya ko suna da farashin abinci sau uku da lemo kawai. Da yawa suna da shi ko da ba su sa a talla ba. Idan babu, ki karɓi na karin kumallo da abincin dare, rana kuwa galibi tana samunku a waje ne. Wuri ɗaya da zan ce ki karɓi na komai da komai shi ne idan otal ɗin a keɓe yake, babu gidan abinci kusa, domin a irin wannan wuri farantin shinkafa ɗaya na yaro zai iya ba ki mamaki, ga yara uku da ba sa jiran lokaci.

Batun abinci, kusan duk mutanen Zanzibar Musulmi ne, kuma a cikin gari ba ki da damuwa. Amma wasu manyan otal na bakin teku, musamman waɗanda suka dogara da baƙi daga Turai, suna kawo naman alade, suna kuma sa giya a wasu miya da kayan zaƙi. Ki tambaya a rubuce: akwai alade a kicin? Idan akwai, tukwane da wurin suya daban ne? Otal ɗin da ya san darajar baƙonsa zai amsa dalla-dalla. Wanda ya ce miki kawai kada ki damu, to ki damu.

Maganar iyo ita ce inda nake ganin ƙarin kuɗi ya cancanta. Ki nemi gida mai zaman kansa a cikin otal ɗin, mai nasa ƙaramin wurin ninkaya. Sai dai kalmar keɓantacce tana da arha a bakin 'yan talla. Na ga wanda aka kira haka alhali shingen furanni ne kawai iya ƙugu tsakaninsa da hanyar da ma'aikata ke bi. Ki ce a ɗauko miki bidiyo da waya, daga cikin ruwan ana juyawa ko'ina, ki ga tsawon katanga, ki ga ko benen maƙwabta yana leƙowa. Ki tambayi zurfinsa saboda yara. Ki haɗa da tambayar ɗakuna masu ƙofa a tsakani, da gidan sauro a kowane gado, da bututun tsarki a banɗaki, da janareton da zai ɗauki na'urar sanyaya ɗaki idan wuta ta ɗauke. Ki saya wa yaran takalman roba na shiga ruwa, saboda akwai wata halitta mai ƙaya a cikin duwatsun gaɓar gabas.

Tambaya: Na ga wani otal ya zabtare kusan rabin kuɗinsa a watan Afrilu, amma sai an biya duka yanzu kuma ba a mayarwa. In biya? Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

Amsa: Alhaji, kada ka biya tukuna. Rangwamen na da dalili: daga ƙarshen Maris zuwa Mayu ne damina mai ƙarfi da suke kira masika, Afrilu kuma tsakiyarta ce. Wasu otal ma rufewa suke yi su yi gyara. Idan hutu da barci kake nema, kana son ganin gonaki sun yi shar, za ka iya morewa. Idan rana da kwalekwale kake so, ka jira Yuni zuwa Oktoba, ko Janairu da Fabrairu.

Babban dalilin ma shi ne biza, domin Zanzibar ɓangare ne na ƙasar Tanzaniya. Masu fasfon Nijar da Najeriya suna cikin waɗanda Tanzaniya ba ta ba su biza a filin jirgi. Sai an nema tun daga gida an jira amincewar hukumar shige da fice, kuma abin yakan ɗauki makonni. Ka kama ɗakin da za a iya sokewa ba tare da asara ba, ko da ya ɗan fi tsada, ka yi amfani da takardarsa wajen neman bizar, sai ta fito sannan ka biya. Cikin lissafinka ka sa inshorar dole da gwamnatin Zanzibar ta fara karɓa daga baƙi tun 1 ga Oktoba 2024, dala 44 kan babban mutum, da harajin da ake karɓa kan kowane baƙo kowane dare, wanda sau da yawa ba ya cikin farashin talla, da kuɗin motar da za ta ɗauko ka daga filin jirgi. Ka riƙe katinka na rigakafin shawara tare da fasfo, kuma idan za ka tafi da dala a hannu, ka nemi sababbin takardu, domin tsofaffin ana yawan ƙin karɓarsu.