Ina kuɗin mai haska wasan gem kai tsaye suke fitowa?

Malam, ka tambaya ko wasan gem kai tsaye a YouTube zai riƙe ka a Zariya. Zai iya, amma ba da wuri ba.

Kuɗin talla ba ya farawa sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Kyautar Super Chat kuwa, wato kuɗin da masu kallo ke turo maka kana haskawa kai tsaye, YouTube na cire kashi 30 cikin 100. Kuma AdSense, tsarin Google da YouTube ke biyan kuɗi ta cikinsa, ba ya biya sai kuɗin sun kai dala 100, sannan ya turo su tsakanin 21 da 26 ga wata.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne lambar PIN da AdSense ke aikowa don tabbatar da adireshinka, saboda ta gidan waya take zuwa; adireshin "bayan masallaci, Samaru" sai ya ɓatar da ita. Buɗe asusun dala tun yanzu. In kuɗi sun shigo, fara ware na data da man janareta, saboda wata mai zuwa ba tabbas.