Tambayi Injiniya: Wai me ke karya farfelar injin iska?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, da fatan kana lafiya. Ni ɗalibin injiniyanci ne ɗan aji uku, duk sanda na bi ta Lambar Rimi nakan tsaya kallon injinan iskan nan na lantarki. To kwanaki sai na ga bidiyon wani a Amurka farfelarsa ta karye ta zube a teku, kuma ni dai ban ga alamar guguwa ba. Ta yaya ake sanin ƙarfin farfela tun kafin a ɗora ta, kuma me ke karya ta haka kawai? Daga wani ɗalibi, Katsina.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena, wallahi na ji daɗin tambayar nan. Ka samu 'yar waya ka lanƙwasa ta sau ɗaya, ba abin da zai same ta, amma ka yi ta kai ta kana dawo da ita sai ka ga ta tsinke a hannunka ba tare da ka sa wani ƙarfi ba. To wannan shi muke kira gajiya, kuma ita ce ta fi cin ran masu zana farfela, don guguwa lissafinta sau ɗaya ne, ita kuwa gajiya ta yau da gobe ce.

Mu ɗan yi lissafi. A ce babban inji yana juyi 10 a minti ɗaya, a shekara ya haura juyi miliyan 5, a shekara 20 da aka saba ƙera su don su yi kuwa ya haura miliyan 100. Kuma a kowane juyi nauyin fiffiken farfelar kansa sai ya ja shi ta wannan gefen in yana hawa, ya ja shi ta wancan in yana sauka, ga iska tana tura shi baya tana saki, kuma iskar sama ta fi ta ƙasa ƙarfi saboda haka ko ran da iska ke tafiya lami lafiya fiffiken bai huta ba.

Aikin daga kwamfuta yake farawa. Ana ƙirƙiro iska ta ƙarya mai hargitsi a buga wa injin, akwai manhajar OpenFAST da cibiyar binciken makamashi ta NREL a Amurka ta ƙirƙira, kyauta ce ma. Daga nan sai a yanyanka hoton fiffiken zuwa dubban ƙananan gutsattsari a lissafa ja da matsin da kowanne ke sha. Wahalar ita ce farfela ba ƙarfe ba ce, zaren gilas ne da gam ake shimfiɗawa hawa-hawa, da katakon balsa ko soso a tsakiya, wasu da zaren kabon a ƙashin bayansu, kuma zaren nan ta tsawonsa yake da ƙarfi, ta faɗinsa kuwa gam ne kawai ke riƙe da shi. Wuraren da nake fara dubawa su ne gindi inda ake ɗaure kusoshi, da inda gindin ke baje wa ya zama faffaɗa, da layin gam na bakin baya inda aka manne ɓari biyun.

Lissafin gajiyar kansa tsoho ne. August Wöhler a Jamus ya faro shi tun ƙarni na 19 kan gatarin tayoyin jirgin ƙasa da ke ta karyewa. Ana ƙirga lanƙwasa manya da ƙanana ta wata hanya da Matsuishi da Endo na Japan suka fito da ita a 1968, sannan a tara su da ƙa'idar Miner ta 1945: kowace lanƙwasa ta ci wani ɗan kaso na ran fiffiken, kamar mai cin bashin kanti ana rubutawa, ran da jimla ta kai 1, wato an cinye ran gaba ɗaya, to an gama. Ga abin da nake so ka riƙe, a zaren gilas in nauyi ya ƙaru da kashi 10 cikin 100 kacal ɓarnar takan ninka kusan sau 2.6. Shi ya sa ɗan kuskuren da za ka ce ba komai ba ne yake iya cinye fiye da rabin shekarun farfela.

Duk da haka ba a yarda da kwamfuta ita kaɗai. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna IEC 61400-23 ta tanadi a gwada cikakken fiffike, a ɗaure gindinsa a ja shi da igiyoyin ƙarfe, sannan a yi ta girgiza shi watanni sau miliyoyi. A Blyth ta Ingila an gwada mai tsawon mita 107.

Ina kyautata zaton bidiyon da ka gani na Vineyard Wind ne kusa da tsibirin Nantucket, a watan Yuli 2024. Kamfanin GE Vernova da ya ƙera shi ya ce gam ne bai kama yadda ya kamata ba tun daga masana'antarsu ta Gaspé a Kanada. Ka ga kenan wannan bai ma kai ga tsufa ba, kwamfuta ta ɗauka an ƙera shi yadda aka zana, alhali ba haka ba ne.

Mu kuma a nan abin da ya fi damun mu ƙurar hunturu ce. Tsinin fiffiken manyan injina na gudun kusan kilomita 300 a awa, yashi da ruwan sama na ta goge gaban fiffiken har ya yi kaushi, daga nan ruwa ya samu hanyar shiga. Injinan Lambar Rimi su 37 ne masu kilowat 275 kowanne, ƙirar kamfanin Vergnet na Faransa masu fiffike biyu, kuma irin waɗanda ake iya kwantar da su ƙasa ne, don haka duba su bai kai wahalar hawa sama da igiya ba. In lokacin furojet ɗinka ya zo, ka sauke OpenFAST ka nemi bayanan iskar Katsina ka gwada, in ka maƙale ka sake rubuto mini.